Daga Kwalejin Al'umma Zuwa Jami'a a Amurka: Ina Ɗalibai Ke Maƙalewa?

Idan aka tara ɗalibai 100 da suka fara karatu a kwalejin al'umma a Amurka aka tambaye su burinsu, kusan 80 za su ce digirin jami'a suke nema, kwalejin zango ce kawai. Idan aka waiwaye su bayan shekara shida, za a tarar 33 ne suka kai ga shiga jami'a, 16 kacal kuma suka karɓi digirin. Alƙaluman sun fito ne a rahoton 2024 na cibiyar nazarin kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Columbia tare da abokan aikinta. A rahotonsu na 2016, masu kammalawa 14 ne. Ke nan tsakanin rahotannin biyu, mutum biyu kawai aka ƙaru da su a cikin ɗari.

Magana biyu ake yawan ji a kan wannan hanya. Wasu na tallata ta da cewa ka yi shekara biyu da araha, ka wuce jami'a ka ƙarasa biyu, shi ke nan. Wasu kuma na ɗaukar kwalejin a matsayin matattarar waɗanda jami'a ta ƙi, don haka ƙarancin masu kammalawa bai ba su mamaki ba. Duka biyun sun tsallake wurin da ciwon yake, wato tazarar da ke tsakanin makarantun biyu, inda ɗalibi ya bar hannun wannan bai kuma shiga hannun waccan ba.

Ma'anar kalmomin

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare, mallakar jiha ko wani yanki nata, wadda karatunta shekara biyu ne. Akwai kusan dubu ɗaya irinta a faɗin Amurka. Ƙofarta a buɗe take: duk wanda ya gama sakandare zai iya yin rajista ba tare da gasar neman gurbi ba. Yawancinsu ba su da ɗakunan kwana. Daga gida ake zuwa, kuma da dama daga cikin ɗaliban ma'aikata ne ko masu iyali da ke shiga aji bayan an tashi daga aiki. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makarantar dala 4,050 ne a shekara ga ɗan yankin, alhali jami'ar gwamnati na karɓar dala 11,610 daga ɗan jiha.

Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce kiredit, wato ma'aunin karatu. Darasin da ake shiga ajinsa awa uku a mako har tsawon samista guda, zangon karatu na kimanin mako 15, kiredit uku ne. Takardar da kwaleji ke bayarwa bayan shekara biyu, wadda suke kira digirin asoshiyet, kiredit 60 ce. Digirin farko na jami'a kuwa 120 ne. A lissafin takarda, rabi da rabi ke nan. Ita kuma taransifa, kalmar da muka saba ji idan an canza wa ma'aikaci wurin aiki, a nan tana nufin ɗalibi ya kwashi kiredit ɗin da ya tara ya koma wata makaranta ya ɗora a kai.

Mai karatu a Najeriya zai tuna da shiga kai tsaye ta hukumar JAMB, inda mai takardar NCE ko ND ke faɗawa aji biyu na jami'a. Akwai kama, amma akwai bambanci guda mai girma. A Najeriya dunƙule ake duba takardar. A Amurka warware ta ake yi darasi-darasi, a auna kowanne da ma'aunin jami'ar da za ta karɓa, kamar ɗan kasuwar hatsin da ba ya yarda da tiyar kowa sai tasa.

Yadda tsarin ya samo asali

Kwalejin gwamnati ta farko irin wannan an buɗe ta a 1901 a garin Joliet da ke jihar Ilinoi, da ɗalibai shida. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, wanda ke ganin shekara biyun farko na jami'a sun fi kama da ci gaban sakandare, gara wasu su ɗauke wa jami'a wannan nauyi ta maida hankali kan bincike. Tun ran gini, ke nan, an yi kwalejin ne da niyyar ta riƙa miƙa ɗalibai gaba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a yawaita waɗannan makarantu, kuma shi ya yaɗa sunan kwalejin al'umma. A 1960 jihar Kalifoniya ta tsara ilminta mai zurfi hawa uku: Jami'ar Kalifoniya ta ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na sama daga masu gama sakandare, kwalejojin jiha su ɗauki kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma su shiga kwalejin al'umma bisa alƙawarin cewa duk wanda ya yi ƙoƙari zai haura. A wannan shekarar ce masanin zamantakewa Burton Clark ya rubuta cewa wani aikin da kwalejojin ke yi a kaikaice shi ne sanyaya wa ɗalibai gwiwa sannu a hankali, har su haƙura da burin jami'a ba tare da an fito an ce musu a'a ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana gardama kan wanne ne gaskiyar kwalejin, alƙawarin Kalifoniya ko zargin Clark.

Inda kiredit ke zubewa

A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya duba ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009, ya ƙiyasta cewa sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wannan adadi ake yawan ambatawa, amma ya haɗa kowace irin taransifa. Wanda ya taso daga kwalejin al'umma zuwa jami'ar gwamnati asararsa kashi 22 ce, wanda kuma ya taso daga makarantun 'yan kasuwa masu neman riba zuwa ta gwamnati ya rasa kashi 94. Kashi 22 na kiredit 60 ya kai 13, wato kusan samista guda da ɗalibi ya biya kuɗinta, ya yi jarrabawarta, ya ci, sannan aka ce ya sake.

Akwai wata asarar da waɗannan alƙaluma ba sa nunawa, kuma ita ta fi ruɗa iyaye. Karɓar kiredit daban, sanya shi cikin lissafin digiri daban. Jami'a na iya rubuta wa ɗalibi cewa ta karɓi kiredit 60 ɗinsa cif, ya yi murna. Sai ya isa sashen da zai karanta, a ce injiniyanci ko ilmin halittu, a gaya masa cewa darasin lissafi ko na kimiyyar sinadarai da ya yi bai yi daidai da nasu ba, an ajiye shi a jerin darussan zaɓi. Darussan zaɓi kuwa guraben da aka ware musu a digiri kaɗan ne. Kiredit na nan a rubuce, amma ba ya matsar da shi ko taki ɗaya. Mafi muni, darussan kimiyya a jere suke kamar matakalar bene: wanda aka ce ya sake na farko ba zai taɓa na biyu ba sai samista mai zuwa, na uku kuma sai baɗi. Darasi guda na iya jawo ƙarin shekara guda.

Binciken David Monaghan da Paul Attewell na 2015 ya nuna nauyin abin. Ɗaliban da aka karɓi kusan dukkan kiredit ɗinsu sun ninka waɗanda aka karɓi ƙasa da rabin nasu sau biyu da rabi wajen yiwuwar kammala digiri.

Me ya sa haka ke faruwa? Amurka ba ta da hukuma guda da ke tsara manhajar jami'o'in ƙasa. Kowace jiha da dokarta, kowace jami'a da ikonta, a cikin jami'a kuma malaman kowane sashe ke yanke hukunci kan darasin da za su amince da shi. A ɓangaren kwaleji, mai ba ɗalibai shawara guda kan riƙe ɗaruruwan ɗalibai, don haka da yawa su ke zaɓar wa kansu darussa, su bi wanda lokacinsa bai ci karo da aikinsu ba. Wani sai a shekara ta biyu yake tsayar da fannin da zai karanta, bayan ya tara darussan da ba su da alaƙa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tsarin ya bar ɗalibai da yawa suna fafe ta a bakin ƙofar jami'a.

Sai batun lokaci. Wasu jami'o'in ba sa gaya wa ɗalibi yawan kiredit ɗin da za su lissafa masa sai bayan ya amsa gurbin ya biya kafin alƙalami. A lokacin kuma tsofaffin ɗalibai sun riga sun yi rajistar darussa, azuzuwan da yake buƙata sun cika. Akwai kuma riƙe takardar sakamako saboda bashi: ɗalibin da kwaleji ke bi 'yan ɗaruruwan daloli na iya kasa samun takardar da zai nuna wa jami'a. Kalifoniya ta haramta wannan da dokar 2019, New York ta bi sahu a 2022.

Duk wani jinkiri kuɗi ne. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai marasa ƙarfi kuma ba bashi ba ne, iyakarsa samista 12 ne a rayuwar mutum. Samistar da aka ɓata wajen maimaici daga cikin wannan ake cire ta.

Baƙunci bayan an shiga

Tun 1965 mai bincike John Hills ya lura cewa makin ɗaliban taransifa kan faɗi a samistarsu ta farko a jami'a, ya kira abin girgizar taransifa. Ya kuma lura cewa makin kan farfaɗo daga baya. Ana yawan faɗin kashin farko a manta da na biyu.

Dalilan faɗuwar a fili suke. Ɗalibin da ya saba da ajin mutum talatin, inda malami ya san sunansa, ya tsinci kansa a zauren mutum ɗari uku. A yawancin rassan Jami'ar Kalifoniya zangon karatu mako goma ne, in ban da Berkeley da Merced, alhali mafi yawan kwalejojin jihar samista suke bi. Kafin baƙo ya gane hanyar ɗakin karatu jarrabawar tsakiyar zango ta iso. Ya shigo ne a aji uku, inda darussa suka fi tsauri, tsakanin abokan karatun da suka shekara biyu tare, sun san malamin da ke da sauƙin kai da ofishin da ake zuwa idan an shiga matsala. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Jami'o'i da yawa kuma sun gina komai nasu ne a kan ɗan shekara 18 da ya taso daga sakandare. Shi ake yi wa makon maraba, shi ake tanadar wa ɗakin kwana, mafi tsokar tallafin karatu na jami'ar ma shi ake ware wa. Ɗalibin taransifa, wanda wataƙila shekararsa 27 da 'ya'ya biyu da aikin dare, yakan sami taron yini guda ne a sallame shi. Shekara biyu kawai gare shi ya san malamin da zai rubuta masa takardar shaida, ya shiga aikin bincike, ya sami wurin koyon aiki, kuma neman waɗannan kan fara ne watanni kaɗan da isowarsa.

Mabambantan ra'ayoyi

Malaman jami'a na da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa digirin da sunan jami'arsu zai fita, su kuma za a zarga idan ɗalibi ya kasa. Darasi biyu na iya zama suna ɗaya amma zurfinsu ya bambanta, kuma tura ɗalibi gaba da raunin tushe ba taimako ba ne. Lokacin da Jami'ar Birnin New York, CUNY, ta fara aiki da manhajar bai-ɗaya ta darussan gama-gari a dukkan makarantunta a 2013, malamai da yawa sun yi adawa, ƙungiyarsu har kotu ta je, suna cewa an rage ingancin karatu kuma an ƙwace musu ikon tsara manhaja.

Masu sukar jami'o'i na cewa a ƙarƙashin wannan hujja akwai kuɗi da girman kai: duk darasin da aka sa ɗalibi ya maimaita kuɗin shiga ne ga jami'a, kuma sau da yawa ana ƙin darasi ba tare da an duba yadda waɗanda suka yi shi suke cin jarrabawa a gaba ba. Akwai kuma masu ɗora laifin a kan kwalejojin, bisa binciken da ya nuna cewa idan ɗalibai biyu masu ƙoƙari iri ɗaya suka fara, ɗaya a jami'a ɗaya a kwaleji, na jami'ar ya fi yiwuwar kammalawa.

Wannan binciken gaskiya ne, amma akwai na biyu da ya kamata a ajiye kusa da shi: waɗanda suka samu suka tsallaka, kammalawarsu ba ta gaza ta takwarorinsu da suka kai aji uku a jami'ar ba. Kusan rabin masu karɓar digirin farko a Amurka sun taɓa zama a kwalejin al'umma. A ganina wannan ya raba gardamar. Idan ƙwaƙwalwar ɗaliban ce matsalar, da a aji uku da huɗu za a ga suna zubewa. Tun da a hanya suke zubewa, hanyar ce ke buƙatar gyara, kuma jami'a, wadda alƙalamin karɓa ko ƙi ke hannunta, ita ke da kaso mafi girma na alhakin. Damuwar malamai kan inganci tana da magani: su zauna da takwarorinsu na kwaleji su daidaita abin da ake koyarwa tun kafin ɗalibi ya shiga ajin.

Abin da aka gwada

Fulorida ce ta riga kowa. Tun 1971 take da yarjejeniyar da ta ba mai digirin asoshiyet na jihar tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in gwamnatinta, kuma darussa na ɗauke da lamba iri ɗaya a dukkan makarantun gwamnati, ta yadda ba a gardama kan ko wannan daidai yake da wancan. Jami'ar Tsakiyar Fulorida da ke Orlando ta ƙara da shirin DirectConnect, inda take ajiye masu ba da shawararta a cikin harabar kwalejojin da ke kewaye da ita, irin su Valencia.

Kalifoniya, mai kwalejoji 116, ta yi doka a 2010 da ta ƙirƙiro digirin asoshiyet na musamman don taransifa: wanda ya yi kiredit 60 a kan wannan tsari yana da tabbacin shiga Jami'ar Jihar Kalifoniya a aji uku, kuma idan ya ci gaba da fanni makamancin nasa ba za a nemi ya yi fiye da wasu 60 ba. Jami'ar Kalifoniya na da nata tabbacin a rassa shida: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Shafin intanet na ASSIST na nuna wa ɗalibi darasin kwalejinsa da ya yi daidai da na kowane reshe. A nan ma sai an karanta sharaɗi da kyau. Tabbacin Jami'ar Jihar na shiga ɗaya daga rassanta ne kawai, bai ce reshe kaza ko fanni kaza ba, kuma mai iyali da aiki a Los Angeles ba zai amfana da gurbi a gari mai nisan kilomita ɗari shida ba. Rassan Jami'ar Kalifoniya na Berkeley da Los Angeles da San Diego kuwa ba sa cikin rassa shidan.

Shirin da ya fi kusa da tushen matsalar shi ne irin wanda kwalejin Arewacin Bajiniya da Jami'ar George Mason suka fara a 2018 mai suna ADVANCE. Ɗalibi na shiga shirin tun yana kwaleji, a ba shi jerin darussan da zai bi har zuwa digiri, da mai ba da shawara guda, da damar amfani da wasu hidimomin jami'ar. Ranar da ya koma can, ba sabon wuri ya je ba. Hatta Jami'ar Princeton, wadda ta rufe ƙofar taransifa tun 1990, ta sake buɗe ta a 2018, ko da yake 'yan ƙalilan take ɗauka.

Wa abin ya fi shafa, kuma ina aka dosa

Adadin 16 cikin ɗari matsakaici ne. Rahoton na 2024 ya nuna cewa a tsakanin ɗalibai marasa ƙarfi 11 ne, baƙaƙen fata 9, waɗanda suka fara karatu suna da shekara 25 ko fiye kuwa 6. Waɗannan su ne mutanen da aka ce domin su aka buɗe hanyar. A cikinsu akwai 'ya'yan baƙin haure, har da na iyalan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx a New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke zaune, kuma inda kwalejojin Bronx da Hostos ke miƙa ɗalibai zuwa kwalejin Lehman da sauran makarantun CUNY. Wanda ya zo da bizar karatu daga gida kuma nauyinsa ya fi: ba ya samun tallafin Pell, kuɗin da yake biya ya fi na ɗan jiha, sannan dole kwalejin ta mayar da rajistarsa ta hukumar shige da fice zuwa jami'ar a kan lokaci.

Akwai alamar jami'o'i za su sassauta, ko don buƙatar kansu. Haihuwa ta ragu a Amurka bayan matsin tattalin arzikin 2008, don haka masu gama sakandare za su riƙa raguwa a shekarun nan, kujerun aji kuma sai an cike su. Hatsarin shi ne a buɗe ƙofar shiga a bar lissafin kiredit yadda yake, a karɓi ɗalibai da yawa su shekara uku ko huɗu kan abin da aka ce musu biyu ne.

Ga ɗalibi ko uban da ke shirin bin wannan hanya: tun a samistar farko a tsayar da fanni da jami'o'i biyu ko uku da ake hari, a nemi yarjejeniyar da ke tsakaninsu da kwalejin, a kuma adana manhajar kowane darasi da aka yi, domin ita ake gabatarwa idan an ƙi darasin aka ɗaukaka ƙara. Kafin a biya ko dala ɗaya ta kafin alƙalami, a nemi jami'ar ta rubuta a takarda kiredit nawa za ta sanya cikin digirin wannan fanni, da kuma nawa suka rage a yi.